Saura Ɗaya

Lasifika na ta ƙara kamar akuyar da aka taka wa wutsiya lokacin da Malam Isiyaku ya jingine babur ɗinsa a katangar injin shinkafar Alhaji Hammadu. Ya makara da awa ɗaya da rabi. Ranar Asabar ce layinsu ke samun ruwa daga kanal, ruwan kuwa babu wanda ya gaya masa ana gasar lissafi a Kura, don haka sai ƙarfe tara ya ga damar isowa gona. Malam ya dubi wandonsa, taɓo har ƙauri. Ya kakkaɓe abin da zai kakkaɓu, ya shiga.

An kafa rumfuna uku a filin da ake shanya shinkafa. Manyan baƙi suna kan kujerun kushin, malamai suna kan na roba, leburorin injin kuwa an karrama su da buhunan da suka saba ɗauka. A bayan teburin manya an rataye ƙyalle mai hoton Alhaji, hoton ya cinye wurin har sai mutum ya matso kafin ya ga inda aka rubuta “lissafi”.

“Sai yanzu?” in ji Hajiya Sa'a, shugabar makarantar 'yan matan da yake koyarwa. Ta dubi wandon, ta kawar da kai. “Zauna a baya. Kubra ta kai zagayen ƙarshe, sun yi kunnen doki da yaron can.”

Ya zauna a baya. Daga nan yana hango Kubra a kan dandamali, cikin hijabin makaranta da wanki ya koɗar, ta haɗe hannuwa a kan tebur. Kusa da ita wani yaro ne mai suna Salim, daga wata makarantar kuɗi da ke hanyar Kano, ya ɗaure wuya da laktaye a wannan zafi na bazara. Makarantu goma sha biyu suka fara, su biyu suka rage. Wanda ya ci, Alhaji zai ɗauki nauyin karatunsa na jami'a har ya gama. Salim in bai ci ba ubansa na nan. Kubra in ba ta ci ba, tukunyar turara shinkafar mahaifiyarta na nan, kuma tukunyar ba ta tambayar sakamakon jarrabawa.

Shi ma Malam yana da abin da ya haɗa shi da Alhaji. Rabin ekar da ya baro tana shan ruwa aro ce, Alhaji ya ba shi shekara shida da suka wuce, a wata rana da yake jin daɗin malamai. Albashi kan raka Malam zuwa tsakiyar wata ya yi masa sallama. Gonar ce ke ƙarasawa da shi da iyalinsa.

Alƙalin gasar ya gyara zaman hularsa, ya buga makirfon da yatsa. Dakta Suhaibu ke nan, surukin Alhaji, mijin babbar 'yarsa. Ya tafi ƙasar waje yana Suhaibu, bayan wata tara ya dawo yana Dakta, daga wata jami'a da ko masu yawan zuwa ƙasar ba su taɓa ganin ƙofarta ba. Tun daga lokacin babu taron da ake yi tsakanin Kura da Bunkure ba a ba shi makirfon ba.

“Tambaya ta ƙarshe,” in ji Dakta. “Taki ce, 'yan mata. A rubuta mata a allo.”

Aka rubuta: 2,147,483,647.

Malam Isiyaku ya ji daɗi ya rufe shi. Tambayarsa ce. Wata ɗaya da ya wuce aka ce kowace makaranta ta aiko da tambayoyi goma da amsoshinsu, shi kuwa ya sa wannan a ta goma, bai zaci za a kula ta ba.

Ya san lambar nan fiye da yadda ya san lambar wayar matarsa. Tana cikin waɗanda 'yan boko ke kira firayim, shi kuma yake ce wa ɗalibansa gagara-rabo: lambar da babu mai raba ta daidai sai ɗaya da ita kanta, irin su biyar da bakwai da goma sha uku. Kowace shekara yakan shiga ajin ƙarshe da ƙwayar shinkafa a tafin hannu. Ya ce musu, yau ku ajiye ƙwaya ɗaya, gobe biyu, jibi huɗu, gata takwas, kullum kuna ninkawa har wata mai kwana talatin da ɗaya ya ƙare. In kun tara duka, abin da za ku samu ke nan, ya fi lodin tirela. Kuma duk yawan tarin nan, babu yadda za a kasa shi kashi-kashi daidai, ko kashi biyu, ko ɗari, ko dubu. 'Yan mata tamanin kan kalle shi, saba'in da tara suna tunanin tashi. Bana, ta tamanin ɗin ita ce Kubra.

Dakta ya fara karantawa. “Biliyan biyu da miliyan ɗari da... da arba'in da...” Ya tsaya, ya sha ruwan gora. “Kin dai gan ta. Firayim ce ko ba firayim ba ce?”

“Firayim ce,” in ji Kubra, ko numfashi ba ta ja ba. “Biyu ce aka ninka da kanta sau talatin da ɗaya, aka cire ɗaya. Ba ta rabuwa.”

Dakta ya yi murmushin mutumin da tarkonsa ya kama. “Sori, 'yan mata. Kin faɗi. Salim?”

Salim ya dubi allo, ya dubi Dakta. Amsa biyu ce a duniya, an kashe ɗaya a gabansa. “Ba firayim ba ce, sa.”

“Korek!”

Tafi ya ɓarke. Direban motar makarantar su Salim har da danna oda. Dakta ya ɗaga hannu a yi shiru, don ilimi bai ƙare ba.

“Bari in ƙara wa jama'a haske. Malamin da ya aiko da tambayar nan, ba zan faɗi sunansa ba don sutura, ya rubuta wai firayim ce. Allah ya sa na duba da kaina na gyara. Ku dubi ƙarshenta. Bakwai ne. Lambar da ta ƙare da bakwai, ai bakwai na raba ta. Abin da muke fama da shi ke nan a makarantun gwamnati.”

Manyan baƙi suka gyaɗa kai cikin jimami. Malam Isiyaku ya ga malaman lissafi biyar ko shida sun zaro wayoyinsu, sun danna, sun dubi abin da ya fito, sun dubi Alhaji, sun mayar da wayoyin aljihu a hankali kamar masu ɓoye kayan sata.

Kubra ba ta yi kuka ba. Da ta yi da ya fi masa sauƙi. Sai ta juyo tana neman sa cikin jama'a, har ta gano shi a layin baya. Ba kallon neman taimako ta yi masa ba. Kallon mai tambaya ne, ko dai shekara uku ƙarya yake koya mata.

Hajiya Sa'a ta waiwayo. Ta san shi. “Malam Isiyaku,” ta ce ƙasa-ƙasa, “Alhaji ya yi alkawarin gyara mana rufin aji biyu kafin damina. Kai ma ka san inda kake noma. Za mu rubuta takardar ƙorafi ranar Litinin.”

Ya san inda takardun ranar Litinin ke zuwa. Ya tuna shinkafarsa da ta fara ɗaukar ciki, ya tuna yaransa huɗu da yadda suke cin tuwo kamar an aiko su. Ya ce wa kansa Hajiya ta yi gaskiya, mutum mai hankali zama yake yi. Yana cikin yarda da wannan shawara ya tarar da kansa a tsaye.

“Ranka ya daɗe, Dakta,” ya ce. Muryarsa ta fita siririya. Ya sake ɗagawa. “Ni ne malamin da aka yi wa suturar. Ina neman alli.”

Ya ratsa tsakanin kujeru, busasshen taɓo na zuba daga wandonsa a kan kafet ɗin manyan baƙi. Alhaji Hammadu, dattijo mai ɗan jiki wanda tun safe yake gyangyaɗi cikin babbar riga, ya buɗe ido ɗaya.

“An rufe gasa, Malam,” in ji Dakta.

“To a taimaka mini da ilimi kafin a tashi. Buhu goma sha bakwai, shi ma ya ƙare da bakwai. In aka ba mutum bakwai su raba daidai, nawa kowa zai ɗauka?”

“Bibbiyu, saura uku!” wani lebura ya yi ihu daga kan buhuna. 'Yan uwansa suka tuntsire da dariya, sannan suka tuna wanda ke sallamarsu da yamma, suka haɗiye.

Dakta bai girgiza ba. “Wannan ƙaramar lamba ce. Dokar manyan lambobi daban take. A kawo mini kalkuleta.”

Aka ruga ofis aka ɗauko ta kan teburin ma'auni, mai manyan maɓallai. Dakta ya danna, ya raba da bakwai, ya ɗaga ta sama kamar kofin ƙwallo. Lamba ta fito cif, babu ɗigo, babu ragowa. Aka sake tafi, wannan karon da ƙarfin mutanen da aka cece su daga jin kunya.

Malam ya karɓa ya juya ta. Akwai ɗan maƙunni a gefe da aka tura ƙarshe, don ta riƙa zubar da duk abin da bai kai cikakken ɗaya ba. Masu awo ba sa son ganin gutsattsari. Ya so ya yi bayani, ya dubi fuskokin da ke gabansa, ya fasa. Ya ajiye kalkuletar, ya ɗauki alli.

“Mu yi irin ta 'yan firamare,” ya ce. “Ita ba ta da maƙunni.”

Ya ja layi a kan lambar. “Bakwai a cikin ashirin da ɗaya?”

Kubra ta ce, “Uku.”

“A cikin huɗu?”

“Babu. A sauko da bakwai, arba'in da bakwai. Shida, saura biyar.”

Suka ci gaba. Allin ya karye sau biyu. Daga mataki na huɗu ɗaliban da aka fitar tun safe suka fara amsawa tare da ita, a hankali, sannan da ƙarfi kamar masu hadda. Har Salim, Malam ya ga leɓensa na motsi. Da suka zo ƙarshe, hamsin da bakwai ya rage.

“Bakwai a cikin hamsin da bakwai?”

“Takwas!” in ji yara. “Saura ɗaya!”

Ya rubuta ɗayan, ya kewaye shi. “Ku gwada biyu, saura ɗaya. Ku gwada uku, ko tara, ko goma sha ɗaya, saura ɗaya. Haka take.”

Dakta ya goge wuya da hankici. “Ɗaya,” ya ce, yana dariya yana duban manyan baƙi. “Jama'a, a cikin biliyan biyu, ƙwaya ɗaya tak! A kan ƙwaya ɗaya malamin nan ya tsayar da taro. To ko bakwai ba ta raba ba, wata za ta raba. Ka gwada su duka ne, har biliyan biyu?”

“Ba sai an je can ba. In akwai mai raba ta, dole a same ta kafin a wuce dubu arba'in da shida da ɗari uku da arba'in. A cikinsu ma ba kowace ake gwadawa ba, sai wadda in an cire mata ɗaya sittin da biyu zai raba ta. Ɗari bakwai ne da 'yan kai. Na gwada su da kaina a wani dogon hutu, littafin na gida. Kuma ba ni na fara ba. Wani malamin lissafi ya tabbatar da ita shekara wajen ɗari biyu da hamsin da suka wuce, a lokacin ma idonsa ya riga ya tafi.”

“Makaho!” Dakta ya tafa hannu. “Kun ji hujja. Littafi na gida, shaida kuma makaho ne da ya mutu.”

Aka yi dariya, amma ba ta yi ƙarfin ta ɗazu ba. Kowa ya koma kallon Alhaji, don a filin nan lamba ba ta rabuwa ko ta ƙi rabuwa sai da izininsa.

Alhaji Hammadu ya miƙa hannu aka ba shi makirfon. Bai yi boko ba. Da kwanon awo ya fara a kasuwa, yau tireloli ke layi a ƙofarsa. Ya daɗe yana kallon allon.

“To,” ya ce. “Malamai sun saɓa. Mu jahilai ba ma shiga tsakanin malamai. A soke wannan tambaya.”

“Baba, ai an riga an...”

“An soke, Suhaibu.” Bai ce Dakta ba, kuma kowa ya ji bai ce ba. “Ni zan yi ta ƙarshe. Wanda ya riga ɗaga hannu shi ke da amsa. A wace shekara aka kafa injin nan?”

Salim ya dubi malaminsa. Malaminsa ya dubi ƙyallen da ke bayan manya, ko an rubuta, amma hoton Alhaji bai bar wuri ba. Kubra ta ɗaga hannu a hankali, kamar mai jin nauyin abin da za ta faɗa.

“Dubu biyu da bakwai. Shekarar da aka haife ni. Innata ta ce tana goye da ni ta fara kawo turararriyar shinkafa nan.”

“Ta ci,” in ji Alhaji, ya mayar da makirfon.

Haka Kubra ta lashe gasar lissafi ta makarantu goma sha biyu. Aka ɗauki hoto, Dakta ne ya miƙa mata takardar, yana murmushi da haƙoran gaba kawai. A jawabin rufewa ya bayyana cewa lambar da aka yi gardama a kanta, a binciken zamani, kusan firayim ce. Malaman da suka ɓoye wayoyinsu suka zo ɗaya bayan ɗaya suna girgiza hannun Malam Isiyaku, kowa na cewa dama yana shirin tashi. Hajiya Sa'a ta rungume Kubra, ta wuce Malam tana kallon sama kamar mai lissafin kwanakin da suka rage wa damina.

Kubra ta same shi a gindin allo, yana goge hannu.

“Malam, ba da lissafi na ci ba.”

“Da lissafi kika ci. Da tarihi aka ba ki. Je ki nuna wa Innarki takardar kafin a sake yin bincike.”

Bayan sallar azahar, yana ƙoƙarin tayar da babur, direban Alhaji ya zo ya ce ana kiran sa. Motar na ƙarƙashin wata bishiyar darbejiya a bayan sito, inda babu kowa. Alhaji ya sauke gilashi, sanyin motar ya bugi fuskar Malam. Ya rusuna ya gaishe shi.

“Malam Isiyaku. Ba ta rabu ba.”

“Ba ta rabu ba, ranka ya daɗe.”

“Na sani tun kan buhu sha bakwai ɗin nan. Shekara arba'in ina awo, ban taɓa ganin inda saura ɗaya ya zama babu saura ba. Yarinyar kuma na san 'yar wace ce, ba a banza na yi tambayar ba.” Ya gyara carbinsa. “Amma mijin 'yata ne. Ka tsayar da shi a gaban leburorina.”

“Alhaji, ban yi niyyar...”

“Ka yi. Ba laifi. Gonar nan, in ka girbe ka bar ta. Dole a ga na yi wani abu, in ba haka ba gidana ba zai zaunu ba.”

Malam ya dafa murfin motar, ya ƙone shi, ya janye hannu. Shekara shida yana gyara kunyoyin nan, ya san inda ruwa ke kwanciya da inda yake gudu. Ya ce, “To, ranka ya daɗe. Na gode da abin da aka yi a baya.”

Ya juya zai tafi.

“Ban gama ba,” in ji Alhaji. Ya leƙa hagu da dama, ya rage murya. “'Ya'yan Suhaibu, jikokina. Shi yake duba musu aikin gida. Duk Juma'a da yamma ana kawo su gidana wurin kakarsu. Ka riƙa zuwa kana koya musu. Ta ƙofar baya za ka shigo, kada ya sani. Abin da za ka samu ba zai kai gona ba, kada in yi maka ƙarya.”

Malam Isiyaku ya tsaya a rana. Amsoshi masu kyau suka zo masa, har guda uku, kowace ta isa a riƙa ba da labarinta a ɗakin malamai shekara goma. Ya zaɓi wadda ta fi zafi, ya gyara tsayuwa, ya buɗe baki. Sai ya hango wasu yara a zuciyarsa, zaune a kan kafet da littattafai, ana gaya musu goma sha bakwai na rabuwa gida bakwai, suna rubutawa da kyau.

Ya sauke numfashi.

“Su nawa ne, Alhaji?” ya ce. “Kuma aji nawa suke?”